Zauren Masu Karatu: Kowace gwamnati na kukan addini, amma a gidan wani

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, na tsamo guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kullum a rumfa gardama muke tafkawa akan maganar nan da Amurka ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye addini, wai ana yi wa Kiristoci kisan ƙare dangi. Wasu sun ce takunkumi za a ƙaƙaba mana dala ta ƙara tashi, wasu sun ce yaƙi ne ke tafe. Don Allah menene asalin jerin nan, kuma wa ya naɗa Amurka alƙalin duniya? Daga wani Alhaji, Kwari.

AMSA: Alhaji ba wanda ya naɗa ta, ita ta naɗa kanta. A 1998 majalisar dokokinsu ta yi doka akan 'yancin addini a ƙasashen duniya, Bill Clinton ya sa hannu, dokar ta kafa wata hukuma da duk shekara take fitar da rahoto ta ce ƙasa kaza da ƙasa kaza sun cancanci a saka su a jerin. Amma ita hukumar iyakarta shawara, wuƙa da nama na hannun shugaban ƙasa da ma'aikatar harkokin waje, wato 'yan siyasa, kuma dokar da ta ce a hukunta ƙasar da aka saka ita ce dai ta ba shugaban damar ya ɗaga mata ƙafa in ya ga maslahar Amurka na wajen.

Duba tamu ka gani. Disamba 2020, Trump na shirin barin mulki, aka saka mu. Nuwamba 2021 gwamnatin Biden ta cire mu, dab da sakataren harkokin wajenta Blinken zai sauka Abuja. Ƙarshen Oktoba 2025 Trump ya dawo da mu, har da barazanar soja. To Alhaji kai da kake zaune a ƙasar nan, tsakanin 2020 da 2021 ka ga an daina kashe mutane a Zamfara ko Filato ko Borno? Abin da ya canza shi ne mai zama a kujerar Washinton da mutanen da yake son ya faranta wa, Trump yana da manyan coci-coci da suka zuba masa ƙuri'a kuma maganar Kiristocin Najeriya na ƙona musu rai, Biden kuma lokacin yana neman shiri da Abuja, shi kenan lissafin.

Saudiyya tana cikin jerin nan tun 2004, ƙasar da ba a yarda a gina coci ko ɗaya ba, amma shekara da shekaru ana ɗaga mata ƙafa ba takunkumi ba komai saboda mai da cinikin makamai. Indiya kuwa ita hukumar da kanta tun 2020 take nanata a saka ta saboda halin da Musulmi da Kiristoci ke ciki, ba a saka ba har yau, don ana buƙatarta a gaban Chaina. Abun dariya ma, Narendra Modi a 2005 Amurka ta hana shi biza da wannan dokar saboda kisan Musulmi a Gujarat a 2002 lokacin yana shugabantar jihar, da ya zama firaminista a 2014 sai ga shi a fadar White House ana washe baki. Kuma shi Trump ɗin ai shi ne a kamfen ɗinsa na 2015 ya ce a hana Musulmi shiga Amurka baki ɗaya, ya hau a Janairu 2017 ya rufe ƙofa wa ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi, bayan wata huɗu ya tafi Riyad ana rawar takobi da shi.

Amma Alhaji kar mu tsaya a nan mu ji daɗi, don akwai inda nake rabuwa da 'yan rumfarku. Cewa Amurka munafuka ce bai mayar da gawa rayayya ba. An kashe Kiristoci a ƙasar nan suna cikin ibada, Madalla ranar Kirsimeti 2011, Owo 2022, nan cikin garin nan ma a Afrilu 2012 'yan bindiga sun shiga tsohuwar jami'ar Bayero ranar Lahadi suka buɗe wa masu addu'a wuta har da farfesoshi cikin mamatan. An kuma kashe Musulmi suna sallah, duk wanda yake Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 bai manta babban masallacin gidan Sarki ba, sama da mutum 100, takalma zube a fili ba masu su, kuma kafin nan a 2007 an harbe Malam Ja'afar yana jan sallar asuba a Ɗorayi. Shi ya sa duk sanda na ji mai magana da yawun gwamnati ya fito yana cewa ai ba Kiristoci kaɗai ake kashewa ba, Musulmi ma ana kashe su, har ma sun fi yawa, sai kunya ta kama ni a madadinsa. Wai shi kare kansa yake yi, alhali ya amsa laifi ne har sau biyu, ya kasa tsare wannan ya kasa tsare wancan. Maganar dala kuwa, a 2020 ɗin ma da aka saka mu an ɗaga mana ƙafa, kuma dalar ta iya tashi da kanta ba sai an taimaka mata ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, ƙanwata ta samu gurbin ƙaro karatu a Faransa amma Baba ya ƙi sa hannu, ya ce can ana cire wa mata hijabi da ƙarfi. Gaskiya ne? Kuma me ya sa shugabannin ƙasashen Musulmi ba sa cewa komai? Daga wata Malama, Gwale.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Baba ya ji wani abu, amma ba duka ya ji ba. Dokar 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini da ta fito fili a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, hijabi ke nan da babban gicciye da hular Yahudawa. Dokar 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, wato niƙabi, wannan kam ko a titi tara ce. A 2023 suka ƙara da abaya a makarantu, a wasannin Olamfik na Paris 2024 kuma suka hana 'yan wasansu mata sa hijabi alhali baƙi na sakawa. Jami'a ba ta cikin dokar 2004, ɗaliba babba tana shiga aji da hijabinta, sai dai in ta nemi aikin gwamnati nan ne za a ce ta cire. In ƙanwarki mai niƙabi ce to gaskiya a sake tunani, in hijabi ne na kullum ku zauna da Baba ku faɗa masa wannan bambancin, kallon banza da baƙar magana a jirgin ƙasa dai ba zan ce ba za ta gamu da su ba.

Su hujjarsu ita ce tun 1905 suka raba gwamnati da coci, ba ruwan hukuma da addinin kowa. To amma yawancin hutun ƙasa na Faransa bukukuwan Kirista ne, kuma a yankin Alsas da ke iyaka da Jamus har gobe baitulmalin gwamnati ne ke biyan albashin fada-fada da fastoci da malaman Yahudawa, limamin masallaci baya ciki. Ba ruwan da ake faɗa kullum sai ya zo kan yarinya 'yar shekara goma sha biyar mai ɗankwali yake tsananta.

Tambayarki ta biyu ta fi ciwo. Shugabanninmu suna magana fa, amma sai inda maganar ba ta da tsada. Zagin Faransa araha ne. Chaina fa? A Yuli 2019 ƙasashe 22, yawancinsu na Turawa, suka rubuta wa majalisar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya takarda suna ƙorafin tsare Musulmin Uigur a sansanoni a yankin Shinjiyan, kwana kaɗan sai ga wata takardar ta ƙasashe 37 suna yaba wa Chaina, a ciki akwai Saudiyya da Pakistan da Masar, akwai kuma Najeriya. Eh, mu. Kafin nan a Maris ɗin shekarar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta zauna a Abu Dabi ta yaba wa Chaina akan yadda take kula da Musulminta. In kina neman dalili ki je ki kalli sabon ginin filin jirgin Malam Aminu Kano da layin dogo na Abuja zuwa Kaduna ki tambayi bashin wa aka ci. Wanda ya ɗan fitar da mu kunya a shekarar ƙaramar Gambiya ce da ta kai Myanmar kotun duniya akan kisan Musulmin Rohingya, da goyon bayan OIC ɗin, ita Myanmar ba mai bin kowa bashi ba ce shi ya sa aka iya.

Kuma Malama hijabin nan ko a gida sai da aka yi shari'a. A Disamba 2017 an hana wata ɗalibar lauya shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi, sai shekara ta gaba aka rantsar da ita, ta makarantun Legas kuwa sai da ta kai kotun ƙoli aka yanke a Yuni 2022.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina karanta shafinka kullum, ni Bahaushe ne Kirista, iyayena da kakannina duk 'yan jihar nan ne ta wajen Sumaila, ni kuma a birni nake aiki. Kuna yawan rubutu akan Faransa da Indiya, mu fa? Mun haɗa kuɗi mun sayi fili, shekaru muna bin takardar izinin gina coci, duk ofis ɗin da muka je sai a ce fayil na sama, ko a ce mu rubuta gidan zama kawai. Ɗana a makarantar gwamnati ba malamin darasin Kirista, lokacin darasin addini waje yake fita ya zauna gindin bishiya. In na faɗi sunana sai a ce kai Bahaushe ne kuwa? Laifi tudu ne Malam. Daga wani ɗan'uwa, Badawa.

AMSA: Ɗan'uwa ka faɗi gaskiya kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, ya yi shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a fili, ya koyar ya yaɗa, har da 'yancin canzawa. A takarda ke nan. Inda ake murɗe maka wuya ba a wannan sashen ba ne, a dokar filaye ta 1978 ne, wadda ta damƙa duk ƙasar birni a hannun gwamna, takardar mallaka da izinin gini sai da yardar hukumominsa. Don haka ba sai an rubuta dokar hana gina coci ba, ba wanda zai rubuta ma don kotu za ta soke, kawai fayil ne zai hau sama ya ƙi saukowa, ma'aikaci ya karɓe ka da fara'a ya ce ka dawo wani satin, kuma shi kansa yana tsoron ranar da za a ce shi ne ya sa hannu. Shawarar da ake ba ku ta ku rubuta gidan zama ita ce mafi haɗari, don ranar da aka so rushewa ita za a ɗauko a ce kun saɓa izini.

Wani zai ce ai ga Sabon Gari cike da coci, ranar Lahadi da safe ka bi ta titin Faransa ko New Road ka ji ganguna ta ko'ina, mata da ashobi ana ta tsallaka titi da yara. Gaskiya ne akwai, amma Sabon Gari tun zamanin Turawa aka ware ta don baƙi, shi kuma mai tambayar nan ba baƙo ba ne, da Hausa yake addu'a, littafinsa da Hausa yake karantawa, a ce duk Lahadi sai ya je unguwar baƙi kafin ya yi ibada a jihar kakanninsa, ai da sake.

Kuma irin wannan kukan sak nake ji daga 'yan'uwanmu masu fatauci a wasu garuruwan kudu maso gabas da kudu maso kudu, filin masallaci ko na maƙabarta ya gagara, yara ba malamin addinin Musulunci. Abin haushin shi ne yadda ake cinikinku, gwamnan nan ya ce sai can sun bayar, na can ya ce sai nan sun bayar, kai da mai sayar da albasa a Anacha kun zama jingina. Tsofaffin Kano kuma za su tuna Oktoba 1991, da aka ba mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke izinin taro, jama'a suka ce ai an hana mai wa'azin Musulunci Ahmed Deedat shigowa, garin ya kama da wuta aka yi asarar rayuka da dukiya. Waɗanda suka ba da izinin da waɗanda suka hana suna gidajensu na GRA, talakawa ne suka kwana a barikin soja.

A aikace, duk takardar da kuka kai ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata, ku bi ta ƙungiyarku ta CAN, in an ƙi a rubuce ko an yi shiru ya wuce hankali lauya na iya neman kotu ta tilasta hukuma ta yanke. Batun yaron kuwa ku haɗu da sauran iyaye ku rubuta wa hukumar ilimi, ɗa ɗaya a gindin bishiya ba a ganinsa, sunaye ashirin a takarda ana gani.

TAMBAYA: Malam kwanaki ka ambaci rikicin Zariya kamar kana tausaya wa 'yan Shi'a, mutanen da ke tare hanya suna zagin sahabbai. Ka fito ka faɗa mana, kai ɗan Shi'a ne ko ɗan kwangilar Turawa? Daga wani matashi, Rijiyar Lemo.

AMSA: Ko ɗaya ɗan samari. Aƙidarsu ba tawa ba ce, tare hanyar ma ta ci ni a titin Zariya lokacin tattaki kamar yadda ta ci kowa. Amma hukuncin tare hanya a dokar wace ƙasa ne kisa? Disamba 2015 aka yi karon da ayarin babban hafsan sojan ƙasa Buratai, aka kwashe kwanaki ana harbi a Husainiyya da Gyallesu. Ba Iran ce ta ba da adadi ba, ba Turawa ba ne, gwamnatin Kaduna ce da kanta ta faɗa wa kwamitin binciken da El-Rufai ya kafa cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Kwamitin ya ce a hukunta masu hannu, ba sojan da aka gurfanar a gaban jama'a. Disamba 2016 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a saki jagoransu Zakzaky da matarsa, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, sai Yuli 2021 da kotun Kaduna ta wanke su suka fito.

Yanzu ka riƙe wannan, a Satumba 2017, ana tsaka da take wancan umarnin kotu, Buhari ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana kiran duniya ta ceci Rohingya, yana kwatanta abin da Bosniya da Ruwanda. Maganarsa daidai ce, mun tafa masa. Mando dai ba ta kai tafiyar awa huɗu daga Abuja ba. Ita ma Iran da ta fi kowa ɗaga murya akan Zariya, tsarin mulkinta bai san da zaman mabiya addinin Baha'i ba, ana hana su jami'a ana ɗaure su, Saudiyya kuma sati uku bayan Zariya ta zartar wa malamin Shi'a Nimr al-Nimr hukuncin kisa. Kai da kake murna don ba naka aka taɓa ba, tambayi dattawan unguwarku, a garin nan an yi lokacin da ɗan Izala ne ake kora daga masallaci, an yi wuraren da ɗan ɗariƙa ne ake kafirtawa, wanda ke da kunnen gwamna a lokacin shi ke nuna wa 'yan sanda ƙofa.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, halal ne mutum ya karɓi kujerar Makka ta gwamnati? Maigidana ɗan siyasa ya ce zai saka sunana bana. Daga wani direba, Hotoro.

AMSA: Fatawar halal da haram ka kai wa malaminka na zaure, ni abin da zan iya faɗa maka shi ne inda kuɗin ke fitowa. Sashe na 10 na tsarin mulki ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin na hukuma ba, amma muna da hukumar alhazai ta NAHCON da hukumar masu ziyarar Kirista zuwa Urushalima, duk da kasafinsu, jihohi ma kowacce da tata. A 2024 kaɗai tarayya ta zuba naira biliyan 90 tallafin aikin Hajji da naira ta faɗi. In an tambaye su sai su ce ai adalci ne, an ba Musulmi an ba Kirista, mai addinin gargajiya dai ko goro, kuma majinyacin da ke kwance a barandar asibiti ba gado shi ma Musulmi ne ko Kirista. Hajji kan mai iko aka wajabta shi, ba a wajabta wa gwamna ya kai ka ba. In daga aljihun maigidan naka ne Allah ya sa alheri ka yi mana addu'a a Arfa, in kuma daga jerin gidan gwamnati ne to ka sani yawanci da sharaɗin da ba a rubutawa, za a tuna maka da shi ranar zaɓe.

Mai tambaya akan rabon gadon gida a Yakasai, ka turo adadin magada maza da mata da ko uwar mamacin na raye, ba a iya lissafi da abin da ka aiko.